Tarihin Bindigar Luger da Mas'alar Kwanson da Ya Ƙi Fita

Tun daga zamanin da ɗan Adam ya san albarushi har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, mafi yawan maharba ba su san wani abu wai shi kwanso ba, domin kuwa bindigar wancan lokaci, irin wadda maƙeranmu suke ƙera wa mafarauta har wa yau, ta baki ake ɗura mata albarushi da darma, in ta tashi kuma ba ta barin kome a cikinta illa hayaƙi da toka. Amma sa'ad da Turawa suka haɗa albarushi da darma da ƙyastu a cikin ɗan kwanso guda na tagulla, suka mai da ɗurin bindiga ta gindi, sai sauƙin da aka samu ya zo da wani sabon wajibi, wato tilas ne a fid da kwanson da aka harbe kafin wani harsashin ya sami wurin shiga. Da fari hannun maharbi ne yake ɗaukar wannan nauyi, ko ya ja sakata, ko ya karya bindiga, ko ya zungure kwansayen libarba ɗaya bayan ɗaya. Hannu kuwa yana da hankali a bayansa, in ya ji kwanso ya cije sai ya ƙara ƙarfi. Wahalar ta soma ne ranar da aka ɗora wa bindiga ta yi wannan aiki da kanta.

Abubuwa biyu ne suka buɗe wannan ƙofa, kuma bisa ƙaddara duka biyun a shekarar 1884 suka bayyana. Na farko shi ne bindigar Hiram Maxim, Ba'amurken da ya zauna a Ingila, wanda ya lura cewa naushin da bindiga take yi wa kafaɗar mai ita ƙarfi ne da ake hasararsa a banza, ya kuwa sarrafa shi har ya zama shi yake buɗe sakata, ya jefar da kwanso, ya jawo sabon harsashi. Wannan bindiga ba baƙuwa ba ce a tarihinmu, gama da irinta rundunar Ingila ta zo Kano da Sakkwato a 1903. Na biyu shi ne albarushi marar hayaƙi wanda Paul Vieille ya haɗa a Faransa, domin tsohon baƙin albarushi yakan bar datti mai yawa, bayan 'yan harbe-harbe kaɗan sai ya cushe duk wata kafa da ƙarfe yake zamewa a cikinta, alhali ƙaramar bindiga mai ɗura kanta ba ta da rarar ƙarfin da za ta yi kokawa da wannan ƙazanta.

Wanda ya fara rage hikimar Maxim har ta shiga tafin hannu, aka kuma sayar da ita a kasuwa da ɗan yawa, shi ne Hugo Borchardt, Bajamushen da ya yi shekaru yana aiki a masana'antun bindiga na Amurka kafin ya komo gida. A 1893 kamfanin Ludwig Loewe na birnin Balin ya fito da bindigarsa, wadda ta zo da magazin a cikin mariƙi kamar yadda kusan dukan 'yan'uwanta suke a yau. Sai dai ta yi tsawo da nauyi, tana kuma da wani ƙullutu a baya inda sifirin yake zaune, saboda haka ba wata rundunar da ta karɓe ta, abin da aka ƙera bai wuce kimanin dubu uku ba. Sai Georg Luger, mutumin Ostiriya da yake aiki a kamfanin, wanda daga baya ya zama DWM, ya ɗauki aikin, ya mai da sifirin cikin mariƙi, ya kwantar da mariƙin yadda zai dace da hannu, ya gajarta harsashin. Sojojin Suwizalan suka karɓe ta a 1900 da harsashi mai faɗin milimita 7.65, sojojin ruwan Jamus suka bi a 1904 da sabon harsashi mai milimita 9, sojojin ƙasa kuma a 1908, daga nan ne ta sami sunan P08. Wannan harsashi mai milimita 9 shi ne har yanzu sojoji da 'yan sandan ƙasashe da yawa suke ɗauke da shi, bayan bindigar da aka yi shi dominta ta daɗe da barin fagen fama.

Ba za a gane illar da ake jingina wa wannan bindiga ba sai an tsaya an dubi abin da yake gudana a cikinta tsakanin jan kunama da faɗuwar kwanso a ƙasa, lamarin da ido ba ya iya riskarsa don sauri. A bayan sakata akwai ƙarafa biyu haɗe da juna, suna kwance a miƙe, misalinsu kamar ƙafar mutumin da ya tsaya ya sandare gwiwarsa: kome nauyin da aka ɗora masa daga sama ba zai durƙusa ba, amma in aka ɗan taɓa bayan gwiwar nan take sai ta lanƙwashe. Idan harsashi ya tashi, bututu da sakata da wannan gwiwa sukan ja da baya tare, a kulle, 'yar tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba, kafin nan darma ta fita, zafin iskar da ke cikin bututu ya sauka. Sa'an nan maɓallai biyu da ke gefen gwiwar su hau wani gangare da aka sassaƙa a jikin bindigar, gwiwa ta karye zuwa sama, sakata ta zarce baya ita kaɗai. A saman sakatar akwai 'yar ƙugiya da take riƙe da leɓen kwanso tana janye shi daga mazauninsa, a gefen dama kuma akwai wani siririn ƙarfe, matokari, wanda gindin kwanson yake karo da shi, sai ya wuntsila ya tashi sama, sau da yawa ma ya bi ta kan mai harbi. Bayan haka sifirin da ke cikin mariƙi ya jawo gwiwar ta sake miƙewa, sakata ta kwaso sabon harsashi daga magazin ta cusa shi.

To, duk wannan aiki da ƙarfin harsashi guda ake yinsa, ba a ranto daga ko'ina. In albarushi ya gaza, gwiwa ba za ta kai ƙarshen tafiyarta ba, kwanso ya taɓa matokari a sanyaye, sakata ta komo ta dame shi a bakin ƙofa yana tsaye. In kuwa albarushi ya yi yawa ko ya ƙone da gaggawa, gwiwa ta tafi ta dawo kafin magazin ya ɗago harsashi na biye, bayan dukan da take yi wa jikin bindigar. Kai, ko riƙon mai harbi yana da nasa rabo a cikin lissafin, domin in wuyan hannu ya saki, jikin bindiga ya bi bututu baya, ƙarfin da ya kamata ya karya gwiwar sai ya salwanta a cikin hannu. A ganina wannan shi ne asalin mas'alar gaba ɗaya: Luger bai ƙera bindiga sa'an nan ya nemo mata harsashi ba, tare ya auna su a mizani ɗaya, kuma kusan duk ɓacin sunan da ya same ta daga baya ya samo asali ne daga raba ta da abin da aka auna ta da shi.

Hujjar wannan magana tana nan tun a 1907, lokacin da sojojin Amurka suka yi gwajin ƙananan bindigogi suna neman wadda za ta ɗauki babban harsashinsu na .45. Luger da kansa ya je da bindigar da ya faɗaɗa don wannan gwaji, ya kuma zo da harsasan da aka ɗura a Jamus. Kwamitin ya yaba mata a fuskoki da dama, amma bai ba da shawarar a ɗauke ta ba, daga cikin dalilan da ya kawo kuwa har da cewa rufewarta ta ƙarshe ba ta dogara ga turin sifirin kai tsaye ba, da kuma cewa irin albarushin da Luger ya ce tana bukata ba a samunsa a Amurka a lokacin. Abin da suka zaɓa daga bisani shi ne ƙirar John Browning ta kamfanin Colt, wadda a watan Maris na 1911 ta harba harsashi 6,000 ba tare da ta cije ko sau ɗaya ba. Sirrin Browning shi ne marufi mai nauyi wanda yake zamewa baya da gaba, in ya tashi tafiya ɗan datti ko ɗan raunin albarushi ba ya tsai da shi. Shi ya sa duniya ta bi tafarkinsa ta bar na gwiwa, kuma adalci ne a faɗi cewa ta yi daidai.

Duk da haka Jamus ta riƙe abinta fiye da shekara talatin, ta kuwa san halinta sarai, ta yi mata tanadi. Tun a 1906 aka sauke tsohon sifirin mai falle aka sa naɗaɗɗe, aka kuma sake ƙirar ƙugiya ta zama ƙarfe mai kauri da nata ɗan sifirin a ƙarƙashi, wadda take ɗagowa in akwai harsashi a ciki, har soja ya shafa da yatsa cikin duhu ya sani. A masana'antar DWM, da ta gwamnati a Erfurt, da ta Simson a garin Suhl, da ta Mauser a Oberndorf wadda ta karɓi aikin a 1930, gwanaye ne suke daidaita sassan kowace bindiga da hannu, sa'an nan a buga lambobi biyu na ƙarshen lambarta a kan ƙananan sassa, a buga lambar a gindin magazin ɗinta, don kada a gauraya na wannan da na waccan a wurin wanki. Kubenta ma rufaffe ne ruf, da marufi da maɗauri, yana da aljihun magazin na biyu da na wani ɗan ƙarfe da ake danne sifirin magazin da shi in za a ɗura harsasai takwas da yake ɗauka, saboda tsananin ƙarfin sifirin. Soja yakan yi jinkiri kafin ya zaro ta daga irin wannan kube, amma hukuma ta gwammace jinkirin da a ce taɓon ramukan yaƙi na 1914 zuwa 1918 ya shiga tsakanin gwiwa da jiki, inda kome a fili yake ba murfi.

Akwai kuma wata cuta da ta yi shekaru tana cin bindigogin duniya ba a san sababinta ba. Soja yakan wanke bututu ya shafe shi da mai, bayan kwana kaɗan ya tarar tsatsa ta fito a ƙarƙashin man, aka yi ta ɗora laifi a kan albarushi marar hayaƙi, har sai a 1922 da Wilbert Huff na hukumar ma'adinai ta Amurka ya bayyana cewa daga ƙyastun gindin harsashi abin yake. Sinadarin da ake sa wa a ciki in ya ƙone yakan bar wani gishiri a jikin ƙarfe, gishirin ya jawo laima daga iska, mai kuwa ba ya narkar da gishiri, sai ruwa. Kafin ƙarshen shekarun 1920 kamfanin RWS a Jamus da Remington a Amurka sun fito da ƙyastu marar wannan aibi, amma an daɗe ƙwarai kafin rundunoni su ƙarar da tsohon. Alaƙar wannan da maganarmu ita ce, a lokacin harbi kwanson tagulla yakan kumbura ya manne da bangon mazauninsa, sa'an nan ya ɗan tsuke ya saki. In bangon sumul yake sai ya zame, in kuwa tsatsa ta huhhuda shi, tagulla takan nutse cikin ramukan ta kama, ƙugiya ta ja, ko dai ta tsallake leɓen kwanso ko ta yage shi, kwanso ya zauna daram, sabon harsashi ya zo ya yi karo da gindinsa.

Yaƙin duniya na biyu ya ƙara wata fitinar. Jamus ba ta da wadatar jan ƙarfe, saboda haka ta koma yin kwansaye da baƙin ƙarfe ana shafa musu wani fenti don tsatsa, shi kuwa baƙin ƙarfe in ya kumbura ba ya tsukewa kamar tagulla. Alhali kuwa tun 1910 Luger ya sa wani ɗan mataki a cikin mazaunin harsashi, kusa da bakin kwanso, domin ya toshe iska kada ta komo baya, kuma har yanzu wanda ya ɗauki kwanson da irin wannan bututu ya harbe zai ga siririn zobe kewaye da bakinsa. Wannan mataki, da ya yi amfani shekara talatin da tagulla, sai ya zama tarko ga kwanson baƙin ƙarfe, har aka daina yinsa a farkon shekarun 1940. Kafin nan ma an riga an zaɓi Walther P38 ta gaji Luger, don ta fi arha da saurin ƙira, Mauser kuma ta tsai da ƙera wa sojojin Jamus P08 a 1942.

Bayan 1945 ne bindigar ta shiga halin da ya fi ɓata mata suna. Dubbai sun ƙetare teku a cikin jakunkunan sojojin da suka ci yaƙi, da yawa an raba su da magazin ɗinsu tun a wurin da aka tara makaman waɗanda suka miƙa wuya, inda aka zuba bindigogi gefe guda, magazin gefe guda, kowa ya ɗauki wanda hannunsa ya kai. A Jamus ta Gabas 'yan sanda sun ci gaba da aiki da su bayan an yi musu kwaskwarima, an haɗa sassan wannan da na waccan an sake buga lamba. A Amurka kuwa harsashin milimita 9 da ake sayarwa a kanti a waɗannan shekaru ya kasance mai sauƙin ɗuri, wani kuma tsawonsa bai kai na Jamus ba, ga shi magazin ɗin Luger a karkace yake ƙwarai, gajeren harsashi yakan sunkuyar da kai a cikinsa. Da bindigogi suka yi ta cijewa, sai magana ta bazu cewa Luger ba ta aiki sai da harsashi mai zafi, mutane suka shiga ɗura mata wanda aka yi don bindiga mai sarrafa kanta. Ma'abota tattara tsofaffin makamai sun yi saɓani a kan wannan shekaru da yawa, amma ra'ayin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne na masu cewa abin da take bukata darma ce mai nauyin giram 8 kamar ta asali, da cikakken tsawo, da albarushin da ba ya ƙonewa farat ɗaya. Wancan maganin na zafi kuwa, shaidarsa tana nan a fasassun sakatu da tsagaggun ƙusoshin gwiwa waɗanda ba a ƙera madadinsu da lamba ɗaya ba.

Daga cikin wannan tarihi ne sana'ar masu gyaran tsofaffin bindigogi ta fitar da nata tsari, wanda ya cancanci a yaba masa saboda haƙurin da ke cikinsa. Gwanin da ya san aikinsa, bayan ya zare magazin ya ja gwiwa ya tabbatar da idonsa ba harsashi a ciki, ba ya fara kwance kome. Abin da yake tambaya shi ne a ba shi kwansayen da aka harbe. Yakan jera su a kan tebur ƙarƙashin fitila, ya ɗauki ɗaya yana mirgina shi tsakanin babban yatsa da manuniya. In ya ga gefe guda ya yi baƙi da kunkunniya tun daga baki har kusan tsakiya, ya san ɗurin ya yi rauni, tagulla ba ta kumbura ta toshe iska ba, gwiwa kuma ba ta sami abin da zai kai ta ƙarshe ba. In jikin kwanson ya yi kaushi, da ƙananan tabo masu maimaituwa a wuri ɗaya a kan kowane kwanso, to, zanen ramukan tsatsa ne ya fito, sai ya haska cikin mazaunin ya gani. In leɓen ya ɓantale a inda ƙugiya take kamawa, kwanso ne ya cije ƙugiya ta yi iyakar ƙoƙarinta. In kuwa leɓen lafiya lau amma kwanso ya zauna a ciki, ƙugiyar ce ta dakushe, ko sifirinta ya mutu, ko kuma tsohon mai da datti na shekara tamanin sun daskare a ƙarƙashinta sun hana ta sauka. Bakin kwanso da ya lotse yana nuna ya bugi ƙarfe a hanyarsa ta fita, nan sai hankali ya koma kan matokari, ko ya lanƙwashe ko bakinsa ya cinye.

Sai bayan wannan karatu yake taɓa bindigar, kuma abu ɗaya yake sauyawa a kowane gwaji, ya fara da mafi arha wanda ba ya barin tabo: wanki tukuna, sa'an nan wani magazin da aka tabbatar da lafiyarsa, domin leɓɓan tsohon magazin na gwangwani sukan buɗe har harsashin sama ya ɗago ya tare wa kwanso hanya, sa'an nan wani irin harsashi, sa'an nan sifirin. A nan ma akwai tuntuɓe, gama sifirin bindiga mai milimita 7.65 da na mai milimita 9 ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma an sha samun bindigar da wani ya sa mata sabon sifiri mai tauri da niyyar kyautatawa, ta koma dame kwanso a kowane harbi. In ta kai ga sauya ƙugiya, mai hankali yakan cire ta asali mai lamba ya naɗe ya ajiye, ya sa wata a madadinta don harbi, saboda ƙugiya tana cikin sassan da suka fi saurin karyewa, darajar bindigar a wurin masu tarihi kuwa tana rataye ne ga cikar lambobinta.

Abin da yake ba ni takaici shi ne yawan waɗanda magagari ya lalata. Mai gaggawa yakan ga kwanso ya maƙale, ya tsallake duk waɗannan matakai, ya kama goge matokari ko ya faɗaɗa mazaunin harsashi da takardar yashi har ya share ɗan matakin nan na 1910, ƙarfen da aka ci kuwa ba ya komowa, alhali wataƙila illar duka tana cikin magazin da bai taɓa zama nata ba. Mutanen Suwizalan kuwa, waɗanda su ne suka fara karɓarta, ba su shiga yaƙin da zai warwatsa musu kaya ba. Suka ƙera tasu a masana'antar gwamnati ta Bern tun daga ƙarshen yaƙin duniya na farko, suka sauƙaƙa ƙirarta a 1929, suka tsaya a kan harsashinsu na milimita 7.65 mai siririn wuya wanda yake shiga mazauni ba gardama, masana'antar ƙasarsu tana ɗura shi bisa awo ɗaya shekara da shekaru. A hannunsu bindigar ta yi suna wajen saiti a filayen gasar harbi, kuma ba su sauke ta daga matsayinta ba sai a 1949, da suka karɓi SIG P210.